Salati Ɗari Kafin Awo

Har gobe ba zan manta da ranar da aka shigo mana da Malam Sambo ladan ba, mutum biyu na riƙe da shi, na uku na biye da hularsa a hannu. Ranar Litinin ce, ana tsakiyar zafin bazara, an idar da Azahar ke nan. Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya daga shekarun aikina, to wannan za ku samu, don ni na fi kowa laifi a cikinsa.

A lokacin ban daɗe da karɓar riƙon wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ba, a cikin gari, tsakanin Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa. Irin wannan asibiti ba shi da likita zaunanne. Mu ma'aikatan lafiya mu ke karɓar mutane, mu auna su, mu rubuta a kati, mu ba da maganin da aka yarje mana. Likita sai ranar Laraba yake zuwa, ya duba katunan masu ciwon da ya daɗe, irin hawan jini da sukari, ya ƙara magani ko ya rage. Layi ya yi masa yawa, ba ya sake awo sai ya ga dalili. Da abin da muka rubuta yake aiki.

Mai kula da ɗakin awon maza shi ne Baba Modu. Babarbare ne, amma a nan cikin gari aka haife shi, kuma saura shekara uku ya yi ritaya. Shi ya koya mini allura lokacin da na zo asibitin ina ɗaliba, ya yi ta sa ni ina caka wa lemo har na ƙware. Sunana Hauwa, amma shi tun ranar farko Kulu yake ce mini. Da aka dawo da ni a matsayin shugabarsa, sai ya koma "ranki ya daɗe Kulu", yana faɗa yana ɗan rusunawa don ya ba ni kunya. Unguwar kaf ba wanda bai san shi ba. Tsofaffi da yawa ba ciwo ke kawo su ba, hirar Baba Modu ce.

Wata huɗu kafin wannan rana an tura mu bita ta kwana uku a kan awon hawan jini. Abin da aka koya mana ba shi da wuya. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, ƙafafunsa a ƙasa. A ɗora hannunsa a kan tebur daidai ƙirjinsa, a ɗaura maɗaurin na'urar awo a kan fata, ba a kan riga ba. Kada ya ci goro ko ya sha shayi gab da awo. Sai babban cikinsu: kada ya yi magana, kada a yi masa, tun daga hutun har a kwance maɗauri. A auna sau biyu, a rubuta. Da aka yi jarrabawar gwaji a rana ta uku, Baba Modu ne ya zo na ɗaya a duk zauren. Muka dawo da takardun shaida, na sa aka yi musu gilashi aka rataye. Na liƙa hoton matakan a bangon kowane ɗaki, na rubuta wa ofishinmu na ƙaramar hukuma rahoto cewa duk ma'aikatana sun koya. Daga nan na rufe fayil, a ganina an gama.

To, mu koma kan Malam Sambo. Waɗanda suka kawo shi suka ce ya ɗago daga ruku'u ne jiri ya kwashe shi, ya faɗi a sahu. Baba Modu bai dawo daga salla ba, don haka ni na karɓe shi. Na ba shi ruwa, na bari ya huta, na auna shi shiru, don ba shi da ƙarfin magana ma. Jininsa ya yi ƙasa sosai. Na ɗauka na'urar ce ta lalace, na aika aka ɗauko ta ɗakin mata. Ita ma abin da ta nuna ke nan.

Na jawo katinsa. Duk awon da ke ciki a sama yake, mako bayan mako, kuma duk rubutun Baba Modu ne. Likita ya bi lambobin, ya ƙara masa magani sau biyu, na ƙarshe ma sabuwar ƙwaya ya haɗa masa. Ina riƙe da katin sai na tuna yadda ake samun waɗannan lambobi. Bango ɗaya ne tsakanin ofishina da ɗakin awo.

Malam Sambo Bafillatani ne, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Duk ranar da ya zo, tun daga bakin ƙofa zai ɗaga murya, muryar ladan fa, ya ce ina bawan nan nasa. Baba Modu zai amsa daga ciki cewa ya shigo ya gai da ubangidansa. Sai a fasa goro, kowa ya jefa a baki. Maɗauri na hannu, Baba Modu na matsa iska, ana musu a kan wane ne ya fara mallakar wani, ana tsokanar Bafillatanin da ba shi da ko saniya ɗaya, ana dariya har da tari. A haka ake karanta lamba a rubuta. Wata huɗu ina jin su ta bango, ni ma ina dariya ina cika takarduna. Wallahi ko sau ɗaya ban haɗa wannan dariya da hoton da na liƙa a bango ba.

Ana cikin haka babban ɗansa ya iso, Alhaji Nasiru, mai sayar da rodi a Ƙofar Ruwa. Hankalinsa a tashe, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce wannan ne karo na uku da jiri ke kayar da tsohon, biyun farko a gida aka yi aka ɓoye. Ya ce daga yau an gama, zai je ya sami liman a nemi wani ladan, Baba ya zauna a gida ya huta. Shekara talatin da wani abu yana kiran salla a masallacin nan, ai ya isa.

Malam Sambo bai kalli ɗansa ba. Ni ya kalla, ya ce a hankali, "'Yata, in an karɓe kiran sallar nan, me zan tashi in yi da asuba?"

Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni. Na roƙi Alhaji Nasiru ya ba mu zuwa Larabar sama, kwana tara. Kafin nan wani ya riƙa kiran na wucin gadi, amma kada a naɗa kowa. Da ƙyar ya yarda. Ya ce idan ranar ta zo ba a ga canji ba, kada in sake sa baki.

Na kira likita a waya na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ce a dakatar da sabuwar ƙwayar nan take, a riƙa auna shi kullum yadda ya kamata har zuwa waccan Larabar, sannan ya yanke hukunci a kan sauran. Sai ya tambaye ni ko ba mu ne muka je bita ba. Na ce mu ne. Ya ce ai ya ga rahotona, to a ina aka bar abin da aka koyo?

Kuna iya cewa me ya hana ni in riƙa auna Malam Sambo da kaina. Na gwada faɗa masa. Malam Sambo ya ce shi ba zai tuɓe wa 'yar cikinsa hannu kullum ba, yau ma don ba yadda ya iya ne, bawansa Modu ne zai auna shi ko kuwa a bari. Ban da haka, ba katinsa kaɗai ke cikin wannan durowa ba. Dole dai gyaran ya fito daga ɗakin Baba Modu.

Amma ta yaya zan kira mutumin da ya koya mini riƙe sirinji in zaunar da shi a ofis in ce ya yi kuskure? Na yi ta juya abin har aka tashi ƙarfe huɗu. Da kowa ya watse sai na shiga ɗakinsa, na zauna a kujerar marasa lafiya, na ce kaina na ciwo, ya auna ni. Yana ɗaura maɗauri na ɗauko zancen janaretanmu da aka yi wata biyu ana mana alkawarin gyarawa, zancen da na san yana tayar mana da rai mu duka. Na yi ta faɗa, yana tayawa, yana matsa iska. Ya karanta, ya ce kai, Kulu, jininki ya ɗan hau, ki rage sa abu a rai.

Na ce to yanzu ya sake auna ni irin na jarrabawar bita, in ga ko na ɗayan nan da ya zo na gaske ne. Ya yi dariya, ya gyara zama. Jama'a, ku zo ku ga aiki. Ya gyara mini kujera, ya sauke ƙafata da na harɗe, ya ɗora hannuna a tebur, ya duba agogo, ya kama bakinsa minti biyar cif. Ko mataki ɗaya bai manta ba. Ya auna sau biyu. Lambar ta sauko, ta koma irin ta mai lafiya.

Na ajiye katin Malam Sambo kusa da takardar da ya rubuta lambobina biyu, na nuna masa awon da na yi da rana. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe ni na kayar da shi," in ji shi.

Na ce mu biyu ne, don ni ina ji ta bango ban taɓa leƙowa ba. Na tambaye shi, tunda ya iya haka, me ya hana shi yi? Ya ce a zauren bita 'yan'uwansa ma'aikata ya auna, waɗanda suka san dalilin shirun. A nan kuwa dattijo ne zai shigo, sa'an yayansa, wanda ya je sunan 'ya'yansa. Yaya za a yi ya zaunar da shi ya zuba masa ido minti biyar ba ina gajiya, ba ina iyali? Ai kafin La'asar an gama yaɗawa cewa Modu ya je bita ya dawo da girman kai. Ya ce ranar farko da muka dawo ya gwada a kan mutum biyu, ya ji kamar ya yi musu rashin kunya, sai ya bari, a ransa yana cewa 'yar hira me za ta ƙara. Amma ya yi mini alkawari daga gobe bakinsa a rufe.

Ranar Talata kuwa ya cika alkawari, kuma abin ya ƙi. Na zauna a kusurwar ɗakin ina kallo, karo na farko tun da na karɓi asibitin. Wani tsoho mai wankin hula ya ga Baba Modu ya yi tsit, fuska ba walwala, sai ya tsorata, ya ce Modu ya faɗa masa gaskiya, me ya gani a jikinsa, ko ya je ya yi wasiyya ne? Tsoro kaɗai ya isa ya hau da jininsa. Wani kuma ya fita yana ƙunƙuni, yana tambayar masu jira ko laifi ya yi. Da Malam Sambo ya zo, suka zauna suna kallon juna, kowa ya cije leɓe. Ba a kai minti biyu ba Malam Sambo ya ce bai taɓa ganin Babarbare ya yi kama da mutumin kirki irin yau ba, suka fashe da dariya su duka. Awo ya ɓaci, kwana ɗaya ya tafi. Na koma gida raina a jagule, don na ga umarnina bai gyara komai ba.

Washegari na tarar da Baba Modu ya riga ni zuwa, yana jirana a bakin ofis. Ya ce da asuba bayan an sallame salla ya waiwaya, ya ga sahu guda na dattawan unguwa, kowa ya yi shiru yana lazimi, kafaɗa da kafaɗa, kuma ba wanda ya ji an wulaƙanta shi. Ya ce ashe mutanen nan sun iya shiru, dalili kawai suke so wanda suka sani. Ya auna da agogo a hanya: gajeren salatin Annabi ƙafa ɗari, a natse, yana kai minti biyar.

Ga yadda ya tsara abin. Gaisuwa ba a rage mata komai ba, amma a tsaye ake yin ta, a bakin ƙofa, a tambayi gida da iyali da kasuwa har a ƙare. In mutum ya zauna, sai Baba Modu ya gyara masa zama ya ce, "Malam, a yi mana salati ɗari a zuci, ni ma zan yi nawa. In mun gama, sai awo, kada a katse har in kwance." Wanda ba Musulmi ba, in an samu, sai ya ce ya yi addu'a irin tasa. Goro kuwa ya koma cikin durowa, ba ya fitowa sai an rubuta lamba. Wanda ya ci a hanya sai ya jira a benci tukuna.

Wa zai ƙi salati? Mai wankin hula ya dawo, ya lumshe ido, kafaɗunsa suka sauka. Malam Sambo kuwa, ai an zo fagensa. Ya zauna tsaf, ko motsi babu. Ana kwance maɗauri ya ce to, a ina muka tsaya, bawa? Aka ci gaba daga nan, da goro da komai.

Ni ma na gyara nawa ɓangaren. Kowace safiya, minti goma kafin a buɗe ƙofa, sai mu haɗu mu auna juna bibbiyu, sauran na kallo, wanda ya tsallake mataki a tuna masa. Hoton bango da ba mai kallo na cire shi, muka rubuta matakan da Hausa a ɗan kati muka liƙa a kan tebur, daidai inda hannun mai awo yake. Na ware rana ɗaya a mako ina zama a ɗakunan awo. Muka kuma yi yarjejeniya cewa duk wanda ya ji wani yana magana maɗauri na hannu, ya yi gyaran murya sau biyu, ba sai an kunyata kowa gaban mara lafiya ba. Kun san wanda aka fara yi wa? Ni. Ina auna wata mai ciki ina tambayarta ranar sunan ƙanwarta, sai na ji gyaran muryar Baba Modu ta bangon nan dai. Da na fito ya rusuna ya ce, ranki ya daɗe Kulu, maƙogwaro ne ya dame ni.

Asabar da Lahadi ba ma buɗewa, amma Baba Modu ya sa na'ura a jaka ya bi Malam Sambo har zaurensa. Ba ni na sa shi ba. Ya kuma fito da katunan duk waɗanda aka ƙara wa magani a 'yan watannin nan, ya jera mini a tebur, ya ce a sake auna su. Aka samu mutum biyu da su ma aka rage wa nasu daga baya. Wasu kuwa hawan jininsu na gaske ne, da hira da babu, kuma wannan ma ya kamata a sani.

Larabar ta zo. Likita ya duba awon kwana bakwai, ya auna da kansa, ya ce Malam Sambo yana da hawan jini, amma kaɗan, ƙwayar farko ta ishe shi. Jirin nan yawan magani ne da zafin gari. Ya tambaye shi ko ya sake jin jiri tun da aka dakatar da sabuwar, ya ce ko sau ɗaya. Alhaji Nasiru yana tsaye yana ji. Ya tambayi likita sau biyu ko ya tabbata, sannan ya juya ya ce, to Baba, sai ka koma, amma ka riƙa tashi a hankali.

Kafin su fita Baba Modu ya tsaya gaban Malam Sambo, ya ce masa shi ne sanadin faɗuwarsa, ya yafe masa. Malam Sambo ya ce ya yafe duniya da lahira, ai dama bai taɓa tsammanin aikin kirki daga Babarbare ba.

Washegari da rana ina zaune a ɗakin awo, ranar zamana ce. Wani dattijo yana kujera, ya gama salatinsa, Baba Modu ya fara matsa iska. Sai lasifikar masallaci ta yi ƙara, muryar da muka yi kwana goma ba mu ji ba ta tashi da kiran Azahar. Na ga hannun Baba Modu ya tsaya a kan robar matsa iska. Idonsa ya ciko. Na san maganar tana bakinsa, tana cin sa. Amma maɗauri na hannun mutum. Ya jira kira ya ƙare don ya ji bugun jini da kyau, ya sake ɗaurawa, ya auna, ya jira, ya auna na biyu, ya rubuta, ya kwance. Sannan ya share ido da bakin hannun riga ya ce, "Ku ji Bafillatanin nan, ya dawo zai hana mu sakat."

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, takardar shaidar bita tana nuna mutum ya iya ne kawai, ba ta nuna yana yi. Baba Modu bai manta komai ba, ladabinsa ne ya tare masa hanya, kuma ba wanda zai san haka sai wanda ya shiga ɗakin ya zauna. Don haka in kun tura mutanenku koyo sun dawo, kada ku rufe fayil irin nawa. Ku je inda suke aiki, ku duba, in kun ga ba a yi ku tambayi me ya hana, kuma ku saurari amsar, don sau da yawa maganin yana wurin wanda ya fi ku sanin mutanen. Baba Modu ya yi ritaya tuni, ni ma an canja mini wurin aiki. Kwanaki na bi ta asibitin, na ji wata sabuwar ma'aikaciya da ba ta taɓa ganinsa ba tana ce wa wata tsohuwa, "Inna, a yi mana salati ɗari a zuci." Na tsaya a bakin ƙofa na kama bakina har ta kwance maɗauri, sannan na yi sallama.